Motsin Iska Mai Zafi a Cikin Gungun Galaksi

Gungun galaksi taro ne na ɗaruruwa ko dubban galaksi (kowacce babban tarin taurari ce) da ƙarfin janyowa ya ɗaure wuri guda. Sararin da ke tsakaninsu cike yake da iskar gas, galibinta haidirojin da hiliyam, mai zafin digiri miliyan 10 zuwa 100. Nauyinta ya fi na taurarin gungun duka, amma ido ba ya ganinta, sai na'urar da ke kama hasken eksire daga sararin samaniya.

Iskar ba a kwance take ba. Idan ƙaramin gungu ya gifta kusa da babba, sai iskar tsakiya ta kama tambal-tambal kamar ruwa a kwanon da aka girgiza, ta bar zane mai lanƙwasa inda mai sanyi-sanyi ta haɗu da mai zafi. Tauraron ɗan'adam na Chandra ya nuna irin waɗannan iyakoki a 2000, a gungun Abell 2142. Baƙin ramin da ke tsakiyar babbar galaksi ma, wato wurin da ƙarfin janyowarsa ko haske ba ya kuɓuce masa, yana feso wuta da ke hura manyan kumfa cikin iskar, kamar yadda ake gani kewaye da galaksin NGC 1275 a gungun Perseus.

Auna saurin motsin shi ne babban aiki. Ƙwayoyin ƙarfe da ke cikin iskar suna fitar da haske a wani layi sananne, wato matsayi guda a jerin launukan hasken idan an rarrabe shi. Idan iskar na matsowa ko tana nisa, layin sai ya gusa. Idan tana hargitsewa, sai ya yi faɗi. Tauraron ɗan'adam na Hitomi na Japan, wanda aka harba a Fabrairun 2016, ya auna tsakiyar Perseus kafin ya tarwatse bayan 'yan makonni, ya samu saurin hargitsin iskar kimanin kilomita 164 a daƙiƙa. Wannan natsuwa ta ba masana mamaki, domin matsin hargitsin bai wuce kashi 4 cikin 100 na matsin zafin ba. Abin yana da muhimmanci ƙwarai: ana lissafa nauyin gungu ne bisa zaton iskar tana zaune daram, kuma awon ya nuna zaton bai yi nisa da gaskiya ba a wannan wuri.

Magajin Hitomi, XRISM, ya tashi a Satumban 2023. A gungun Centaurus ya gano iskar tsakiya tana kwarara da saurin kilomita 130 zuwa 310 a daƙiƙa, motsin da ake ganin yana gauraya ta, ya hana ta hucewa ta rikiɗe taurari.