Fata mai laulayi da fatar da ta harzuƙa na ɗan lokaci

Fata mai laulayi ita ce wadda take jin raɗaɗi, zafi, ƙaiƙayi ko ɗaurewa idan ta gamu da abin da ba ya damun yawancin mutane, kamar iska, gumi, ruwan ɗumi ko man shafawa na yau da kullum. Sau da yawa ido ba ya ganin komai, mai ita kaɗai ya san abin da yake ji. Harzuƙar fata kuwa rauni ne da wani abu ya jawo, kuma takan lafa idan aka rabu da abin.

Dukansu sun shafi shimfiɗar saman fata, wadda matattun ƙwayoyin halitta da maiƙo suka haɗu suka gina. Ita ke riƙe danshi, ta hana abin waje kutsawa. Fata lafiyayya tana da ɗan tsami, awonta na pH (ma'aunin tsami, inda ƙaramar lamba ke nuna yawan tsami) wajen 5, shi kuwa sabulun wanka na gargajiya yakan kai 9 zuwa 10, don haka yawan saɓa shi yana wanke maiƙon. Omo, goge jiki da soso mai kaushi da busasshiyar iskar hunturu ma haka suke yi.

Babban abin da ke raba su shi ne tarihi, ba kamannin fatar ba. Mai laulayi yakan ce tun tasowarsa haka yake, kusan duk man da ya canza sai ya taɓa shi, wani lokaci ma akwai asma ko egzima (ciwon fata mai ƙaiƙayi) a danginsu. Wanda tasa ta harzuƙa kuwa yakan iya tuna sabon abin da ya fara shafawa, kuma matsalar takan tsaya a inda abin ya taɓa: hannun mai wankau, ko haɓar da aka yi wa aski. Saman fata yakan sabunta cikin kimanin mako 4, saboda haka idan aka ajiye komai sai ruwa, mai marar ƙamshi ko basilin, fatar da ta harzuƙa takan dawo daidai. Mai laulayi sauƙi kawai yake samu.

A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai. Wurin yakan yi duhu ne ko ya yi furu-furu, abin da ke sa a raina matsalar.

Akwai gwajin gano fata mai laulayi da masu bincike Frosch da Kligman suka bayyana a 1977, inda ake shafa ruwan laktik asid a gefen hanci a ga ko zai yi raɗaɗi. An fi amfani da shi wajen bincike. Wanda likitan fata ya fi yi shi ne na liƙa sinadarai a gadon baya na awa 48, don gano abin da jiki ya ƙi, kamar ƙarfen nikel na ɗan kunne ko sinadarin PPD na baƙin lalle. Wannan ƙin da jiki ke yi wa wani abu, wato alaji, nau'i ne na uku na matsalar fata, kuma ƙurajensa sukan makara kwana 1 zuwa 3 kafin su fito.

Mafi rikitarwa shi ne man bilicin mai ɗauke da sitiroyid (maganin rage kumburi) irin su kulobetasol. Daɗewa ana shafa shi yana sa fata ta yi siriri, da an daina kuma sai ta ɗau zafi da ƙuraje, mai shafawa ta ɗauka haka Allah ya yi fatarta, ta koma wa man. Irin wannan sai likita ya tsara yadda za a janye shi a hankali.