Ku Daina Ɓoye wa Likita Jiƙon da Tsoho Ke Sha

Ba a mako ba a kawo mana dattijo asibiti ranga-ranga ba, ko suga ta faɗi warwas, ko ƙafafu sun kumbura. A tambayi 'ya'ya me yake sha, su ce ƙwayar asibiti kaɗai. Sai an matsa wata jika ta ce ai akwai jiƙo a gora ƙarƙashin gado. Haba jama'ar Damagaram! Wa kuke ɓoye wa?

Na san dalili. Akwai likitocin da in sun ji an ambaci saiwa sai su ɗaure fuska, su yi wa tsoho faɗa gaban 'ya'yansa. Wannan ba daidai ba ne, kuma muna faɗa wa junanmu haka. Amma da yawa yanzu tambaya suke yi don su sani, ba don su ci mutuncin kowa ba. Ba mu ce zogale da sabara guba ne ba, da su aka raine mu. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya tana bikin ranar maganin gargajiya na Afirka kowace 31 ga Agusta.

Abin da ke ci mini rai shi ne ɓoyewar. Baba na shan ƙwayar suga, ga jiƙo mai ɗaci safe da yamma, ga shi ba ya cin kirki, dole jiri ya kwashe shi. Inna na da hawan jini amma kullum sai kunun kanwa, alhali kanwa 'yar uwar gishiri ce. Tafarnuwa mai yawa a kan asfirin na iya sa jini ya ƙi tsayawa. Mai suga kuma a kai shi wurin wanzami a yi masa ƙaho ko tsaga, miki ya ƙi warkewa. Ƙodar ɗan shekara 70 ba ta saurayi ba ce, ba kome take iya tacewa ba. Duk wannan kun rufe baki, to ta yaya likita zai daidaita magani?

Iyayena, Allah ya ƙara muku lafiya, ba hana ku muke yi ba. Ku kuma 'ya'ya, nauyin a wuyanku yake. Ranar awo ku zo da gorar, da ƙullin garin, har da wanda aka sayo a Kasuwar Dole ran Alhamis. Ku faɗi sau nawa ake sha. Kada a ajiye ƙwayar hawan jini don an fara jiƙo. Kwalbar da ba a san abin da ke ciki ba, a bar ta wurin mai ita. In likita ya yi tsawa, ku daure ku ƙarasa bayani, ko ku zo ku same ni mu shiga tare.