Ƙin Tashin Ƙaramar Bas ta Iyali a Gida

Ƙin tashin mota shi ne a murɗa makulli ko a danna maɓalli, injin ya kasa kamawa ya ci gaba da aiki da kansa. Wannan maƙala ta shafi ƙananan bas na iyali masu ɗaukar mutum bakwai ko takwas, irin su Toyota Sienna, Volkswagen Sharan, Ford Galaxy, Opel Zafira da Honda Odyssey, da yadda mai mota zai gano inda matsalar take tun motar tana ƙofar gida, kafin a kai ga kiran bakanike ko janwe.

An fara ƙera Sienna a Amurka a 1997, Sharan kuma, wadda direbobi ke kira Sharon, ta fito a 1995 daga masana'antar Palmela a ƙasar Fotugal. Yawancin waɗanda ke yawo a Zariya 'yan Beljiyam ne, wato an mora su a waje kafin su iso. Wasu na haya ne a hanyar Kaduna da Kano, wasu na gida ne, masu kai yara makaranta da zuwa biki da suna. Tsufa, zafi, ƙura da man da ba a san asalinsa ba su ne tushen mafi yawan lalurorinsu.

Sauraro kafin taɓawa

Injin fetur yana buƙatar abu huɗu kafin ya tashi: ƙarfin da zai juya shi, mai haɗe da iska, tartsatsin fulogi a daidai lokacinsa, da matsi a cikin silinda. Kowace matsala tana komawa ga rashin ɗaya daga cikinsu. Shi ya sa tambayar farko da gogaggen bakanike ke yi a waya ita ce: "Alhaji, tana kik ko ba ta yi?" Amsar ta raba aikin gida biyu. In injin ba ya juyawa ko kaɗan, a nemi laifin a wajen batir, wayoyi da kik, wato na'urar lantarkin da ke juya injin idan an murɗa makulli. In yana juyawa da ƙarfinsa amma bai kama ba, batir da kik sun fita daga zargi, saura mai, wuta, matsi da na'urorin da ke sarrafa su. Mutane da yawa suna tsallake wannan tambaya, su tafi Sabon Gari su sayo sabon batir ga motar da famfon manta ne ya mutu.

A kashe rediyo da fanka, a sauke gilashi, a murɗa makulli a kasa kunne. Kada kik ɗaya ya wuce daƙiƙa goma, kuma a ba shi hutu tsakani, domin yana ɗaukar zafi da sauri.

Batir da kawunansa

Nan ne mafi yawan matsalar take, nan kuma ya kamata a fi daɗewa. Alamun raunin batir sanannu ne: fitilun dashbod su dushe da an murɗa makulli, a ji ƙara "kat-kat-kat" da sauri, ko injin ya juya a kasalance kamar mai jan ƙafa. Gwaji mafi sauƙi shi ne a kunna manyan fitilu, wani ya tsaya a gaba yana kallo yayin da ake kik. In sun yi ja sun kusa mutuwa, wuta ba ta isa. In sun tsaya da haskensu amma injin shiru, batir yana da ƙarfi, sai a nemi laifin a wani wuri.

Wanda yake da mitar awon wuta zai samu amsa a fili. Batir mai cikakken caji yana nuna kusan volt 12.6 idan mota ta huta. In ya nuna 12.0, cajinsa ya yi ƙasa sosai. Lokacin kik bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Bayan injin ya tashi kuma, altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, in yana da lafiya yana ba da tsakanin 13.5 zuwa 14.5. Ƙasa da haka yana nufin motar tana cin batir ba ta mayar masa, kuma gobe da safe za a maimaita wahalar yau. Mitar nan ba ta da tsada idan aka kwatanta da kuɗin batir, ya dace a ce kowane mai mota yana da ita a gida.

Sau da yawa ma batirin lafiyarsa lau, kawunansa ne suka kwance ko suka yi farin gari mai kore-kore. Kan da za a iya juya shi da hannu bai ɗauru ba. Zai iya kunna rediyo da fitila, amma kik yana jan wuta sama da amfiya ɗari, ƙaramin datti ya isa ya tare ta. Ana cire kan mai alamar ragi da farko, sannan mai alamar tarawa, a wanke su da ruwan ɗumi da bekin soda, a kankare da burushin ƙarfe, a mayar da na tarawa kafin na ragi, a ɗaure da sifana. Cusa ƙusa ko guntun gwangwani don kan ya matse dabara ce ta kan hanya, ba gyara ba ce. A bi baƙar wayar kuma har inda aka ɗaure ta a jikin mota da injin, domin tsatsa a wurin tana kawo alamu iri ɗaya da mataccen batir.

Yanayin Zariya yana da hannu a nan. Zafin bazara na Maris da Afrilu shi ne ke cinye batir, yana ƙafar da ruwansa yana lalata farantan ciki, amma ɓarnar ba ta bayyana sai sanyin hunturu na Disamba da Janairu, lokacin da baƙin mai ya yi kauri kuma batir ya rage kuzari. Sai a ɗora wa sanyi laifin da zafi ya aikata. Batir mai murafu yana buƙatar a riƙa duba ruwansa, a ƙara masa tataccen ruwan batir kawai, ba na rijiya ko na leda ba.

Ƙaramar bas tana da nata hanyoyin zubar da wuta da daddare. Ƙofar gefe mai zamewa in ba ta rufu sosai ba, fitilun ciki za su kwana a kunne, ga yara masu son danna fitilar kujerar baya su manta. Talabijin ɗin rufi, na'urar bin sawun mota da manyan sifiku da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba duk suna tsotsa a hankali. Gajerun tafiye-tafiye ma, irin daga Tudun Wada zuwa Kongo a dawo, ba sa isa altaneta ya rama abin da kik ya ci.

Haɗa batir da na wata mota

Ana haɗa jar waya a kan tarawa na mataccen batir, ɗaya bakinta a kan tarawa na mai rai. Baƙar waya a kan ragi na mai rai, ɗaya bakinta kuma a wani ƙarfe na jikin injin motar da ta mutu, nesa da batir. Dalilin nisan shi ne batir yana fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta, tartsatsi kusa da shi na iya fasa shi. In aka juya wayoyin bisa kuskure, babban fis, altaneta, har ƙwaƙwalwar mota da bakanikai ke kira birenbos, na iya ƙonewa nan take.

Akwai al'ada biyu da suka yaɗu waɗanda ya kamata a bari. Ta farko, a tayar da mota da batirin maƙwabci sannan a cire shi a sa nata injin yana aiki. Ta biyu, a zare kan batir don a gwada ko altaneta yana caji. Tsofaffin motoci masu kafireto sun jure wannan, amma a mota mai ƙwaƙwalwa wuta tana iya yin tsalle ta ƙona abin da kuɗinsa ya ninka na batir sau da yawa. Tura mota kuwa sai mai giyar hannu. Sienna duk otomatik ce, tura ta ba ya tayar da ita.

Kik, giya da makulli

Idan fitilu suna da haske amma aka ji "kat" guda ɗaya mai nauyi, zargi ya koma kan kik. A motocin Toyota, galibi 'yan faranta na tagulla da ke cikin solonayid, wato makunnin da ke jikin kik, ne suke cinyewa, kuma mai wayarin zai iya canza su ba tare da an sayi sabon kik ba. Ɗan ƙwanƙwasa jikinsa da sifana yayin da wani ke murɗa makulli kan sa ya tashi sau ɗaya ko biyu. A hankali ake yi, duka mai ƙarfi yana fasa maganaɗisun ciki.

In shiru ne gaba ɗaya, a taka birki a mayar da giya kan N a sake gwadawa. Mota otomatik ba ta kik sai a P ko N, kuma makunnin da ke gane hakan yana gajiya. Makullin da ya ƙi murɗuwa kuma, sitiyari ne ya kulle, sai a girgiza shi hagu da dama ana murɗawa.

Yawancin waɗannan motoci suna da tsaro a jikin makulli, wani ɗan ƙwayar lantarki da motar ke tantancewa. Makullin da aka yanko a kasuwa ba tare da shi ba zai buɗe ƙofa, amma injin ba zai kama ba. A Sharan injin kan tashi ya mutu bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu. Alamar ita ce fitilar tsaro ta ci gaba da ƙiftawa, maganin farko kuma a gwada ɗaya makullin.

Injin yana juyawa amma bai kama ba

A fara da mai. Allurar tsohuwar mota tana iya nuna akwai saura alhali tanki ya bushe, musamman in an ajiye ta a gangare. Tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, masu mota da yawa suna yawo da 'yan litoci kaɗan, wannan kuwa yana kashe famfon mai, domin a cikin tanki yake kuma man ne ke sanyaya shi. Don a gwada shi, a murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa ba tare da kik ba. A motoci da yawa za a ji ɗan gunji daga ƙarƙashin kujerun baya na daƙiƙa biyu ko uku. Wasu samfurin Toyota ba sa kunna famfon sai ana kik, don haka a sa wani ya saurara ta bakin tanki a lokacin. In ba a ji komai ba, a duba fis da rile, wato ɗan makunnin da ke ba famfo wuta, kafin a yanke wa famfo hukunci. Murfin akwatin fis yana ɗauke da taswirarsu, a Toyota a nemi mai rubutun EFI. Fis da ya ƙone da mai lamba irin tasa ake canza shi. Ɗaura masa waya hanya ce ta gobara.

Ingancin man ma abin tambaya ne. A Fabrairu 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol Nijeriya, ya lalata motoci da dama. Man jarka na 'yan bumburutu kan zo da ruwa ko gauraye. Motar da ta ƙi tashi washegarin shan mai a sabon wuri ta riga ta nuna inda za a duba. In kuma ana jin warin fetur bayan kik da yawa, fulogi sun jiƙe, sai a take totur har ƙasa a yi kik, domin a yawancin motocin zamani hakan yana tsayar da feshin mai. Zuba fetur ta bakin iska ya ƙona hannaye da fuskoki da yawa, ba aikin gida ba ne.

Ta ɓangaren wuta, na'urar da ke karanta juyawar kiranshaf, wato babban ƙarfen da fistin ke juyawa a cikin injin, in ta mutu, ƙwaƙwalwa ba za ta ba da mai ko tartsatsi ba. Motocin Amurka daga 1996 da na fetur na Turai daga 2001 suna da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike ta OBD-II. Lambar P0335 tana nuni ga wannan na'ura ko wayarta. A nan ɓeraye suke shigowa: motar da ke kwana kusa da buhunan masara ko kwata, da damina musamman, sukan shiga injinta neman ɗumi su ciccije wayoyi. Kashinsu ko tarkacen sheƙa a kan injin shaida ce.

Injin da ke juyawa da sauri fiye da kullum, da sauti mara nauyi, yana iya nufin taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da na fistin, ya tsinke. Sienna mai injin lita 3.0 da 3.3, wato har samfurin 2006, bel take amfani da shi, mai lita 3.5 daga 2007 kuma sarƙa. A daina kik nan take, domin a wasu injina fistin yana dukan bawul. Sharan mai shan gas, wato man dizal, tana da nata ƙarin: a jira fitilar hita, wadda ke nuna ana ɗumama cikin silinda, ta mutu kafin kik da sanyin safiya, kuma in gas ya ƙare iska ta shiga layi, sai an fitar da ita.

Inda aikin gida ya ƙare

Motar da ruwan Agusta ya kwanta a ƙarƙashinta har ya kai bakin iska, ba a yi mata kik ko sau ɗaya, domin ruwa ba ya matsuwa, sandunan fistin ne ke lanƙwashewa. Warin ƙonewar waya, batir da ya kumbura, ko fetur yana ɗiga a ƙasa, duk suna buƙatar a tsaya a kira masani. Ba a barin injin yana aiki a rufaffen gareji, hayaƙinsa yana kisa kamar na janareta.

Sana'ar ta rabu: batir, kik, altaneta da wayoyi na mai wayarin ne, famfo, bel da cikin injin na bakanike ne, makulli da ƙwaƙwalwa kuma na mai kwamfutar bincike. A faɗa wa wanda aka kira irin ƙarar da aka ji, fitilun da suka kama, inda aka sha mai na ƙarshe, da kwana nawa motar ta yi a ajiye, don ya san kayan aikin da zai ɗauko daga gareji.