Me ake nufi da ciwon damuwa bayan haihuwa?

Ciwon damuwa bayan haihuwa wani ƙunci ne mai nauyi da ke kama mai jego ya ƙi sakinta har ya haura mako biyu. Daban yake da ɗan sauyin da mata da yawa kan ji a kwanakin farko, na kuka ba dalili da saurin fushi, wanda saukar sinadaran jiki da rashin barci ke jawowa, kuma yakan wuce da kansa. Shi wannan ba ya wucewa haka. Jariri ya yi barci, ita idonta biyu. Abinci ya fita ranta, tana ganin ta gaza a matsayin uwa, wata ma ko ɗaukar ɗan ba ta jin daɗinsa, ga kunyar faɗa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna shiga matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, galibi wannan damuwar, a ƙasashe masu tasowa kuwa adadin ya kusa kashi 20.

Iyayenmu a Kano ba su bar mai jego ita kaɗai ba. Mai haihuwar fari takan tafi wankan gida, ko a turo tsohuwa ta zauna da ita har arba'in. Ana dafa ruwan wanka, a dama kunu, a gasa nama, 'yan barka na shiga suna fita. Ni a ganina babban maganin da ke cikin wannan tsari shi ne mutane: akwai mai karɓar jariri da tsakar dare ta ce, "Kawo shi 'yar nan, je ki kwanta." (Kunun kanwa da ruwa mai tsananin zafi kam, likitoci sun daɗe suna jan kunne a kansu saboda ciwon zuciya.)

Yau zama ya canza. Yarinya ta tashi a cikin dangi a Yakasai ko Gwammaja, aure ya kai ta gida mai katanga a bayan gari, maigida ya fita kasuwa tun safe. Ana gama suna a rana ta bakwai taro ya watse, sai ita da kukan jariri. In ta yi ƙorafi a ce shagwaɓa ce, ko rashin godiya ga Allah, ko a ce iska ce ta taɓa ta. Wannan magana tana ƙara mata ciwo, domin lalurar ba raunin imani ba ce, kuma tana da magani.

Maigida, kai ne na kusa. Ka karɓi ɗan ta samu barci, ka tambaye ta yadda take ji, ka kuma saurara. Uwar miji da maƙwabta, in kun zo kada tambayarku ta tsaya kan ko nono ya zo. Idan mako biyu ya wuce ba sauƙi, a gaya wa ma'aikaciyar jinya a wajen rigakafi, ko a nemi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Idan kuwa ta fara zancen cutar da kanta ko jaririn, ko tana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar.