Ƙadangaren Komodo da Dodon Koɗin Kaputar

Ƙadangaren Komodo shi ne mafi girma cikin ƙadangarun duniya, domin tsawonsa kan kai mita 3, nauyinsa kuma ya kai kilo 70. Dangi ɗaya yake da damo da guza waɗanda mutanen Kano suka sani, har masu jima ke sarrafa fatunsu, sai dai shi ba a samunsa a daji ko'ina sai a wasu tsibiran Indonesiya, kamar su Komodo da Rinca da Gili Motang da wani sashe na Flores. Yana farautar barewa da aladen daji, har ma da ɓauna, kuma a bakinsa akwai dafin da ke hana jinin abin da ya ciza daskarewa. An kafa masa gandun daji a 1980, amma a 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, wato IUCN, ta sanya shi cikin halittun da ke gab da ƙarewa, saboda hasashen cewa ɗumamar yanayi da cikar teku za su cinye filayen gaɓa inda yake zaune.

Ɗaya halittar kuwa dodon koɗi ce marar ƙoƙo, wadda jikinta ke da launin hoda mai haske, tsawonta kuma kan kai santimita 20. Mazauninta ɗaya tak ne a duniya, wato ƙololuwar dutsen Kaputar da ke jihar New South Wales a Ostareliya, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 1,500. Da rana takan ɓuya ƙarƙashin ruɓaɓɓun ganyaye, in dare ya yi da danshi sai ta hau jikin itatuwa tana kankarar gansakuka, kamar yadda dodon koɗi ke fitowa a lambunan Kano bayan ruwan damina. Wutar dajin da ta ci dutsen a ƙarshen 2019 ta halaka da yawa daga cikinsu, waɗanda suka tsira kuwa ana jin a tsagogin duwatsu suka fake.

Duk da nisan da ke tsakaninsu, matsalarsu iri ɗaya ce, wato ƙuncin mazauni: ƙadangaren teku ne ya kewaye shi, ita kuma busasshiyar ƙasa mai zafi ce ta kewaye dutsenta, kuma idan zafin ya hauro babu wani tudun da za ta ƙara hawa. Abin damuwa shi ne Komodo yana da masu yawon buɗe ido da gidajen namun daji da ke kiwonsa a ƙasashe da dama, ita kuwa wannan halitta ba kowa ne ya taɓa jin sunanta ba.