Shin ɗigon ruwa yana ɓata wuskin Ireland mai ƙarfin ganga?

An daɗe ana ɗauka cewa duk wanda ya ɗiga ruwa a wuskin da aka ɗura kai tsaye daga ganga ya ɓata shi. Zancen ba haka yake ba. Dokar Ireland ta tanadi cewa wuski ya shafe aƙalla shekara 3 a gangar katako, kuma ƙarfin barasarsa kada ya gaza kashi 40 cikin 100, saboda haka yawancin kwalaben da ke kasuwa tun a masana'anta aka sirka su da ruwa. Wanda ba a sirka ba, irin nau'in Redbreast mai shekara 12 mai ƙarfin ganga da ake yi a garin Midleton na Ireland, yakan haura kashi 55, kuma a wannan matakin zafin barasa yana dusashe harshe, ya toshe hanci, har ƙamshin busasshen inabi da na katako ya ɓuya. Masu aikin haɗa shi su kansu sukan sirka shi zuwa wajen kashi 20 kafin su sansana. Amfanin barinsa da ƙarfinsa shi ne mai ɗanɗanawa ya zaɓi adadin ruwan da kansa, ɗigo bayan ɗigo.