Tantabara da Gwaggon Biri: Abin da Dokar Saudiyya Ta Yarda Ka Yi da Abin da Ta Hana

Duk wanda ya zauna a Misfala ko Jarwal ko Shara Mansur ya san halin tantabarun Makka. Su yi sheƙa a kan akwatin esi, su ɓata shanya da kashi, su cika bakin tankin ruwa da gashi. Mutanen Ɗa'ifa da Baha da Abha kuwa gwaggon biri ne abokin zamansu: ya kifar da kwandon shara, ya tsallaka katanga ya yi wa rumman da inabi ɓarna. In abin ya ishi mutum, ɗayan biyu yake yi. Mai zafin zuciya ya nemi guba ko danƙo, mai tausayi ya watsa hatsi can gefe don su bar masa ƙofar gida. Dokar ƙasar nan ta toshe hanyoyin duka biyu.

Tushen maganar ita ce Dokar Muhalli da aka fitar da umarnin sarki a 2020. Cibiyar Kula da Namun Daji ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2019, ita ke tsara sharuɗɗa da ba da izini, jami'an tsaron muhalli na ma'aikatar cikin gida kuma su ke kamu. A idon wannan doka naman daji ba na wanda ya gan shi ba ne, ko da a tsakar gidansa ya sauka. Mai son farauta sai ya nemi lasisi ta Fitri, shafin intanet na cibiyar, ya jira lokacinta, wanda aka saba buɗewa ranar 1 ga Satumba a rufe 31 ga Janairu, sannan ya tsaya a kan nau'in tsuntsayen da aka lissafa. Ko da lasisin a hannu, ba a farauta a cikin gari ko ƙauye ko gona ko kusa da gidajen mutane, kuma ba a ɗana raga. Ke nan rufin gidanka ba ya cikin wuraren da aka halatta ko a wane wata.

Tarar ba ta wasa ba ce. Farauta ba lasisi Riyal 10,000 ce, ban da kuɗin dabbar kanta. Ƙadangaren saharar nan mai kama da damo, wanda Larabawa ke kira dabb, Riyal 3,000 ne, damisar Larabawa kuwa Riyal 400,000. Laifi a kan dabbobin da ke gab da ƙarewa na iya kai mutum ga ɗaurin shekara 10 da tarar Riyal miliyan 30. Ga mai zaman iƙama, wato baƙon da ke zaune da takardar izinin zama, wanda albashinsa bai taka kara ya karya ba, ko ƙaramar cikinsu ta isa ta cinye guzurin komawa gida.

A Makka akwai wani shingen da ya girmi wannan doka nesa ba kusa ba. Naman dajin Harami ba a kashe shi, ba a ma firgita shi, ko mutum yana cikin harama ko ba ya ciki. Aya ta 95 a Suratul Ma'ida ta ɗora wa mai harama fansa idan ya kashe abin farauta da gangan, sahabbai kuma sun yanke wa wanda ya kashe tantabarar Makka akuya ko tunkiya. Wannan kowa ya sani, shi ya sa ba a nan aka fi samun matsala ba.

Inda ake tafka gardama shi ne ciyarwa. Hajiya ta taso tun daga Kano ko Damagaram da niyyar ta saya wa tantabarun Harami alkama ta watsa, tana ganin sadaka ce. Niyyarta kyakkyawa ce. Sai dai hukumar birni ta hana watsa wa tantabaru abinci a tituna da filayen Makka da Madina, da tarar Riyal 1,000. Dalilinta a fili yake: inda abinci ya yawaita tsuntsu na yawaita, kashinsu ya ɓata gini da tafarki, ragowar hatsin kuma ta kira ɓeraye. Gaskiya dokar ta taɓa abincin matan da ke zama da ƙullin hatsi a leda suna jiran alhazai, da yawansu kuma iyayenmu ne. Wannan ciwo ne na gaske, amma bai sauya hukuncin ba, kuma mai watsawar shi doka ta ambata.

Na biri ya fi wannan muni. A hanyar Hada, mai hawa daga Makka zuwa Ɗa'ifa, za ka ga mota ta tsaya, an sauke gilashi ana jefa ayaba da biskit, yara na ɗaukar hoto. Birin da ya saba da haka ya daina neman abincinsa a dutse, ya daina tsoron mutum. Gobe shi ne zai fizge ledar mai hawan Jabalun Nur zuwa Kogon Hira, shi ne zai tare titi mota ta kauce masa ta yi haɗari. An ce sabo turken wawa, to a nan mai jifan ayabar ne ya kafa turken. Tarar ciyar da birai Riyal 500 ce.

To me ya rage wa mai gida? Ya hana su wurin zama da abin ci. Ya sa waya a taga da bayan esi tun kafin a yi sheƙa, ya rufe tanki, ya samu kwandon shara mai murfi, ragowar shinkafa kuma kada a zube ta a rufi ko gindin katanga. Babu wanda zai kama ka don ka yi haka. Tantabarun da mutum ke kiwo a akurkinsa dukiyarsa ce, ba sa cikin wannan magana, matuƙar ba su addabi maƙwabta ba.

Wasu kan kawo hadisin abubuwa biyar da ake kashewa ko a cikin Harami: hankaka, shirwa, kunama, ɓera da kare mai cizo. Hadisin ingantacce ne, hankakan Indiya da ya cika Jidda kuma ita kanta hukuma baƙo mai cutarwa ta ɗauke shi, tana yaƙarsa. Amma wannan bai ba kowa damar barbaɗa guba a lungu ba, inda kyanwa da yaran maƙwabta ke wucewa. Ƙorafin ƙazanta da tsuntsaye a unguwa baladiyya, wato hukumar birni, ake kai wa ta lamba 940. In kuwa biri ne ya shigo gida ko ka ga ana farauta ba bisa ƙa'ida ba, a yankin Makka 911 ake kira.